CG 125, Jincheng ko Vespa: wane tsohon babur ya dace a tayar ya zama na farko?

Mutumin da bai taɓa mallakar babur ba, kuma kuɗinsa bai kai na sabo ba, galibi tsofaffi uku ne za su gitta masa in ya shiga wurin 'yan babura ko ya leƙa zaurukan unguwa. Akwai Honda CG 125 da dangoginta da aka kwaikwaya a Sin, akwai Jincheng AX100 da ta sha acaɓa shekara da shekaru, akwai kuma Vespa da ke jingine a gidajen dattawa ƙura ta rufe ta. Dukansu ana iya tayar da su su koma titi, amma ba aiki ɗaya suke nema ba, kuma ba iri ɗaya suke yafe wa sabon hannu kuskure ba. A ganinmu CG ce ta fi dacewa da mafi yawan masu farawa. Jincheng ta mai ƙaramin ƙarfi ce wanda ba ya wasa da man 2T, wato man da injin bugu biyu ke ƙonawa tare da fetur. Vespa kuwa sai wanda ya riga ya san makanikin da zai riƙe masa ita.

Abin da za a duba kafin a yi maganar inji

Inji ana gyara shi komai lalacewarsa. Abu biyu ne kuɗi ba ya gyarawa cikin sauƙi: takardu da shasi. A karanta lambar shasi da ke wuyan babur da lambar inji da ke jikin kwanon inji, a gwada su da abin da ke rasit harafi bayan harafi. In an ga wurin lambar ya yi sumul kamar an goge shi da dutsen walda, ko haruffan ba su jeru daidai ba, a bar babur ɗin ko kyauta ne. A yi ciniki gaban shaidu, a rubuta yarjejeniya da lambobin biyu a ciki, domin da su za a yanki lamba da inshora daga baya.

Shi kuwa shasi, a cire tanki a duba wuya da kyau. Fentin da ya tsattsage a gindin wuya, ko walda sabuwa a wurin, alama ce babur ya taɓa karo ta gaba. A tsayar da shi a miƙe, a ja zare daga gefen tayar baya zuwa ta gaba ta ɓangarorin biyu. In tazarar zaren da tayar gaba ba ɗaya ba ce hagu da dama bayan an daidaita tayar baya, shasin ya karkace. Irin wannan babur yana ja gefe ɗaya, yana cin taya, kuma a kwana yakan ba mai koyo tsoro. Wanda aka yi dakon buhuna da shi a duba inda shokozoba na baya suka kama, nan ne yake fara tsagewa.

CG 125

Honda ta fito da CG 125 a tsakiyar shekarun 1970, kuma da gangan aka tsara ta don ƙasashen da mutane ba sa juyen baƙin mai a kan lokaci, suna kuma ɗora wa babur kaya fiye da ƙima. Wannan ne asalin ƙarkonta. Injin bugu huɗu ne mai silinda ɗaya, cc 124, faɗin fistin milimita 56.5. Babu sarƙar taimin a cikinta. Kam ɗin, wato ƙarfen da ke buɗe bawul, yana ƙasa cikin kwanon inji, giya ce ke juya shi, kuma ƙullutu ɗaya ne tak ke tura bawul biyun ta sanduna biyu da suka hau zuwa kan silinda. Saboda haka ko mai ya yi datti ko ya ragu, kan silinda ba ya saurin cinyewa kamar na injin da kam ɗinsa ke sama. Ga mai tayar da tsohon babur wannan babbar riba ce, domin ba ka san irin riƙon da masu shi na baya suka yi masa ba.

Gwajin farko shi ne matsin inji. A cire fulogi, a ɗaura ma'aunin matsi, a buɗe totur gaba ɗaya, a buga kik sau biyar ko shida. Lafiyayyen inji yakan ba da psi 150 ko sama. In ya gaza 100 akwai aiki. A zuba baƙin mai cokalin shayi ɗaya ta ramin fulogi a sake gwadawa: in matsin ya tashi sosai ringi ne ko bulok ya cinye, in bai motsa ba bawul ne ba ya rufewa. Kafin a yanke hukunci a kan bawul a fara duba tazararsa, don sau da yawa matsewa kawai ya yi. Ana saita shi inji na sanyi, alamar T ta maganeto a kan layi a bugun matsi, tazara milimita 0.08 ga na shiga da na fita. Makanikai da yawa suna matse shi don ƙarar kas-kas ta ɓace, mai babur ya ji daɗi. Wannan kuskure ne mai tsada: bawul ɗin da ba ya zama daram a mazauninsa ba ya sauke zafi, sai bakinsa ya ƙone. 'Yar ƙarar nan ta CG halinta ce, a bar ta.

In bulok ya cinye, ana faɗaɗa shi a sa fistin mai ƙarin girma, mataki-mataki: 0.25, 0.50, 0.75, 1.00. A sayi fistin tukuna a kai wa mai injin faɗaɗawa tare da bulok ɗin, ya yanka daidai da fistin da ke hannu. In an tarar an riga an kai 1.00, sabon bulok ne mafita, kuma na CG ba ya wuyar samu. Kafin a ɗaura ringi a jikin fistin, a tura shi shi kaɗai cikin bulok a auna tazarar bakinsa. Tsakanin milimita 0.15 da 0.35 ake so. In bakin ya haɗe, da inji ya yi zafi ringin zai kumbura ya karce bulok.

Akwai wurare biyu da kusan kowa ke mantawa. Na farko rariyar mai ce da ke bayan babban murfin noti mai lamba 24 a ƙasan inji ta hagu, da sifirin a bayanta. Na biyu matatar mai ce mai juyawa, tana kan karanshaf bayan murfin kuloci ta dama. Tana tara datti ya daskare kamar laka, kuma a babur ɗin da ya shekara goma ba a buɗe ta ba za a tarar ta cika maƙil, mai na wucewa ba tacewa. A kwance murfinta, a kankare, a wanke da kananzir, a sa sabon gasket. Baƙin mai wajen lita ɗaya CG take sha, 20W-50 na babur. Man mota mai sinadarin rage gogayya yana sa kuloci santsi, saboda kulocin cikin man yake iyo. Ana auna man ne babur na tsaye a miƙe, a ɗora ma'aunin ba tare da an murɗa shi ciki ba.

Inda CG ta fi sauran nesa ba kusa ba shi ne kayan gyara. Kamfanonin Sin da yawa sun kwafi wannan inji, kuma in ka ga 156FMI a jikin kwanon inji to ɗan gidan CG 125 ne. Daga Nnewi zuwa Fanteka a Kaduna zuwa ƙaramin shago a ƙauye, ba ka rasa ringi, kuloci, kafireto ko kwayil. Matsalar ita ce ingancinsu hawa-hawa ne, kuma araha ba ta ado. A boris, ringi, bawul da sil ɗin mai a sayi mafi kyawun da aljihu zai iya. A madubi da murfin gefe a yi tsimi. A kuma tafi kasuwa da tsohon kayan a hannu, domin akwai fistin mai fil milimita 15 akwai mai 13, kuma a ido kamar ɗaya suke.

Aibinta: tana girgiza in an matsa mata gudu, birkin ganga na gaba ba shi da kaifi, kuma tsofaffin farko wutarsu volt 6 ce da fitila mai rauni. In akwai zaɓi, a ɗauki mai volt 12 da CDI, wato akwatin lantarki mai ba fulogi wuta.

Jincheng AX100

Asalin wannan babur Suzuki AX100 ne, Jincheng ta Nanjing ta ƙera shi da fasahar Suzuki, ya kuma cika titunan Arewa zamanin acaɓa. Inji ne mai bugu biyu, cc 98, giya huɗu. Ba shi da bawul, ba shi da kam, ba shi da matatar mai. Noti huɗu za ka kwance kan silinda ya fita, bulok ya biyo baya, fistin na hannunka. Ba babur da ya kai shi sauƙin koyon gyara, ga shi marar nauyi, ga saurin tashi daga tsaye. Kuɗin sayensa ma yawanci shi ne mafi ƙasa a cikin ukun.

Sai dai kusan duk wadda za ka samu yau ta yi aikin haya, wato injin ya yi tafiyar da ba a ƙirga ba. Kafin a saya a kwance salansa a haska tocila ta ramin hayaƙi: ana ganin gefen fistin da ringi ƙuru-ƙuru. Zane-zane a tsaye na nufin ya taɓa kamewa. A cire murfin hagu a kama maganeto a girgiza shi sama da ƙasa. Ko ɗan motsi aka ji, boris ɗin karanshaf ya tafi, sai an raba inji gida biyu.

Abin da ke kashe injin bugu biyu da ya daɗe a ajiye shi ne sil ɗin karanshaf. Robar tana bushewa ta tsage. In na ɓangaren maganeto ne, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, silo, wato juyin inji in an saki totur, ya riƙa hawa da kansa, inji ya yi zafi, ƙarshe fistin ya huje ko ya kame. In na ɓangaren kuloci ne, inji na zuƙar man giya, hayaƙi fari mai kauri ya ƙi ƙarewa, man giya na raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba. Babu saitin kafireto da zai magance wannan. Duk Jincheng da ta shekara biyu ba a tayar ba, a sa canjin sil biyun cikin lissafi tun farko.

Sai maganar man 2T. Babur ɗin yana da tankin mai daban da famfo da ke aunawa gwargwadon totur. Da yawa an cire famfon ana haɗa mai a tanki da ido, kuma da baƙin man mota. Wannan man ba don ƙonewa aka yi shi ba. Yana barin gawayi a ringi da ramin hayaƙi da salansa, har babur ya kasa jan numfashi. In famfon yana nan, a gyara shi ya fi: a canja bututun roba, a fitar da iska ta sukurun da ke jikinsa, a daidaita alamar hannun famfo da ta jikinsa. A tankin fetur na farko a ƙara 2T mililita 20 a kowace lita har sai an ga bututu ya cika babu kumfa kuma man tankin 2T na raguwa. In an ƙudura haɗawa da hannu, to da ma'auni: mililita 20 zuwa 30 a lita, kowane shan mai, ba fashi. Kafin a toshe famfo a ƙirga bututun da ke fita daga cikinsa, domin a wasu injinan Suzuki masu bugu biyu ɗaya yana kai mai kai tsaye ga boris ɗin karanshaf.

In an faɗaɗa bulok ɗinta, dole a goge kaifin bakin ramukan da ke cikin bulok da ƙaramar zarto. Masu faɗaɗawa kan manta, sai ringi ya maƙale a kaifin ya karye tun makon farko.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, shan mai ya zama abin lissafi. Injin bugu biyu yana zubar da wani kaso na fetur ta salansa ba tare da ya ƙone ba, ga kuɗin 2T a kai. Abin da ka rage wajen saye za ka riƙa biyansa a gidan mai. Ga mai zirga-zirgar kusa ba komai. Ga mai tafiyar kilomita talatin kullum CG ta fi sauƙi a ƙarshen wata.

Vespa

Babu mai musun kyanta, kuma a Kano da Zariya da Katsina tana da martabar da sauran biyun ba su da ita. Kamfanin Piaggio na Italiya ya fara yin ta a 1946, samfurin PX ya fito a 1977, kuma Bajaj da LML na Indiya sun ƙera irinta. Ƙafa na kan faranti, riga ba ta shiga sarƙa domin babu sarƙar, mai babbar riga ya hau ya sauka tsaf. Injinta mai bugu biyu yana da ƙarko in ya samu man 2T kashi 2 cikin ɗari, wato mililita 20 a litar fetur, da man giya SAE 30 mililita 250.

Amma a matsayin babur na farko tana da sharuɗɗa. Jikinta shi ne shasinta: farantin ƙarfe ne aka matse aka haɗa, babu bututun ƙarfe a ciki. Tsatsa a ƙasan faranti ko a tudun tsakiya da wayoyi ke bi ba matsalar ado ba ce, ƙarfin babur ɗin ne ke tafiya. A kwantar da ita a duba ƙasa, a bi jiki da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa an cika da foti an rufe da fenti. Vespa mai sheƙin sabon fenti ta fi wadda ta koɗe bukatar bincike.

Giya a hannun hagu take, tare da kuloci, wayoyi biyu ke ja. In saitinsu ya kuskure kaɗan, lambar da ke hannu daban, giyar da ke ciki daban. In tana fitar da giya da kanta, musamman in an ja totur, ƙarfen nan mai siffar gicciye da ke zaɓen giya ne ya cinye. Kuɗinsa kaɗan ne, amma sai an buɗe inji. Akwai kuma wurin da mai saye ba ya gani: fetur na shiga inji ta wata taga da kumatun karanshaf ke buɗewa da rufewa. In datti ko lalataccen boris ya karce dandamalin wannan taga, babur zai riƙa tofar da mai ta kafireto, ya yi wuyar tashi, kuma gyaran sai ƙwararren mai walda da injin yanka. Kafireton ma in an matse notinsa biyu fiye da kima gindinsa na lanƙwashewa ya ja iska.

Tayoyinta inci 10 ne, na wasu tsofaffin inci 8. A kwalta mai kyau daɗi, a rami da yashi kuwa ƙaramar taya ba ta yafiya, ga nauyin inji a gefen dama, ga birkin gaba mai rauni. Mai koyo da zai bi unguwar da ba kwalta ya yi tunani sau biyu. Kuma hannun da ya saba da giyar Vespa sai ya sake koyo ranar da ya hau babur mai giyar ƙafa. Rim ɗinta biyu ne aka haɗa da noti, abin da ke sa canjin tib ya yi sauƙi, ga tayar safaya a gefe. Amma kada a taɓa kwance notin haɗin rim sai an sace iskar gaba ɗaya, in ba haka ba faifan na iya tashi ya ji wa mutum mummunan rauni. Makanikanta sun ragu, yawancinsu manya ne, kayan kirki kuma sai an nema. In babu irin wannan makaniki kusa da kai, a haƙura da ita zuwa babur na biyu.

Wani zai ce ina Bajaj Boxer? Babur ne nagari mai tsimin mai, kuma in aka samu wanda bai sha haya ba a farashi mai kyau babu laifi. Sai dai kam ɗinsa a sama yake da sarƙar taimin, don haka ya fi CG jin jiki in an yi masa sakaci da baƙin mai. A saurari ƙarar sarƙar, a buɗe kan silinda a duba kam kafin a biya.

Jerin aiki da maganar kwalliya

Ko wanne aka zaɓa, a ware kuɗin gyara da ya kai kuɗin saye, kuma kada a fara da fenti. Tanki tukuna: a zuba kananzir da ɗan tarin ƙananan noti a girgiza, a wanke, a shanya, a sa matatar fetur a bututu, in ba haka ba tsatsa za ta toshe jet, wato ɗan ramin fetur na kafireto, da aka wanke jiya. Sai kafireto, a busa jet da iska, kada a soka masa waya don ramin na faɗaɗa. Sai inji, sai birki da taya. Fatar birki in ta gaza milimita 2 a canja, tare da wayar birkin. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar ƙira. Tayar da ta haura shekara biyar ko ta fara tsagewa a gefe ta gama aiki ko da zanenta bai cinye ba. A CG da Jincheng, sarƙa da faifan haƙoranta biyu tare ake canja su, a bar mata sassaucin milimita 20 zuwa 30 a tsakiya. A ɗaga gaba a juya kai hagu da dama. In yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya yi rami. A mai volt 12, batir ya nuna 13.5 zuwa 14.5 in an ɗan ja totur.

Wajen kwalliya CG ce ta fi karɓar sauyi: kushin shimfiɗaɗɗe, kai mai ɗan faɗi, ƙaramar fitila zagayayya, tanki mai launi ɗaya. A yi wa tanki fentin mota mai haɗin hadina, sinadarin da ke taurara shi, da kiliya, wato fenti marar launi mai sheƙi, a sama, domin fentin gwangwani fetur na narkar da shi. In ana son ta rage kuka a doguwar hanya, ƙara haƙori ɗaya a faifan gaba, daga 14 zuwa 15, yana sauke juyin inji da kusan kashi 7 cikin ɗari, amma tashi da goyo zai ɗan yi nauyi. Ana kuma sa mata bulok na cc 150 mai fistin milimita 62, sai dai mai koyo bai bukatarsa, kuma birkin bai ƙaru ba.

Abubuwan da muke hana mutane su ne waɗanda hotunan intanet suka yayata. Cire akwatin iska a sa ƙaramar matata a bakin kafireto ya dace da ƙasar da ba ƙura. A nan hunturu ɗaya ya isa ya cinye ringi, ruwan damina kuma ya shiga inji. Soson asali a wanke shi, a shafa masa mai kaɗan, a matse, a mayar. Cire madgad na gaba yana raunana ƙafafun gaba, don ƙarfensa na taimakawa wajen riƙe su tare. Taya mai faɗi a siririn rim tana lanƙwashewa ta ɓata kwana. Yanke bayan shasi kusa da mazaunin shokozoba sai da ƙarfen ƙarfafawa da mai walda na gaske. A Jincheng da Vespa salansa ɓangare ne na aikin inji. Fasa ta don ƙara yana rage ƙarfi a ƙasa, yana sa cakudar mai ta yi ƙaranci, fistin ya yi zafi. Abin da take bukata shi ne a ƙone gawayin cikinta a kakkaɓe. Fitilar LED kuma a yawancin waɗannan babura ba ta zama lafiya a wayar asali, don wutar fitilar kai tsaye take zuwa daga maganeto. Sai an bi da ita ta batir da fis. Kuɗin hular kwano mai kyau a cire shi kafin na kushin da fenti.

Bayan an sa sabon fistin da ringi, kilomita 500 na farko kada totur ya wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku, a riƙa sauya gudu, kada a bar inji yana silo a tsaye cikin rana. A CG a juye mai a ƙarshen wannan zango, a wanke rariya, a sake auna bawul. A Jincheng da Vespa a duba fulogi bayan tafiya mai ɗan nisa: ruwan ƙasa-ƙasa daidai ne, baƙi mai jiƙe mai ya yi yawa, fari fat kuwa a tsaya a nemi inda iska ke shiga kafin a sake hawa. Wanda ke haɗa 2T a tanki kada ya gangara doguwar gangara da giya a ciki totur a rufe, domin a lokacin inji na juyawa da sauri ba mai da ke isa gare shi; ya riƙa kama kuloci yana ɗan taɓa totur. Sannan a bi notin kan silinda, na inji da na ƙafafu a sake ɗaure su inji na sanyi.